Wasannin gudanar da kasuwanci a waya: Shin suna koyar da tsara lokaci ko cinye shi suke yi?

Cikin dubban wasannin da ake saukewa a wayoyin salula, akwai wani rukuni da babu harbi ko tsere ko ƙwallo a cikinsa. Aikin mai wasa shi ne ya gudanar da gidan abinci ko shagon gyaran gashi ko gona ko otal, ya sallami masu saye kafin haƙurinsu ya ƙare.

Ana kiran su wasannin tsara lokaci, kuma fitattu daga cikinsu sun haɗa da Diner Dash da Cooking Fever da Papa's Pizzeria. Ba sa buƙatar ƙwarewa kafin a fara, shi ya sa yara da iyaye mata da ma'aikata masu jiran mota duka suke yin su.

Sau da yawa ana tallata su da cewa suna koyar da tsara lokaci da dabarun kasuwanci. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin an gina su ne a kan ƙa'idojin da masana harkar gudanarwa suka daɗe da sani. Sai dai yadda yawancinsu ke samar wa masu su kuɗi a yau ya sa suna iya zama ɓarayin lokacin da suka ce suna koyar da tattalinsa.

Yaya ake yin su?

Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Masu saye suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da buƙatarsa, kuma a saman kan kowannensu akwai wata alama da ke nuna sauran haƙurinsa. A wasu wasannin hotunan zuciya ne ke raguwa, a wasu kuma wani layi ne ke sauya launi daga kore zuwa ja.

Idan aka sallami mutum da wuri sai ya biya har ya ƙara da tukuici. Idan aka bar shi ya gaji da jira sai ya fita a fusace, kuɗin da makin su bi shi.

Kowane mataki na wasan yana ɗaukar mintoci kaɗan, kuma akwai adadin kuɗin da dole a tara kafin a wuce gaba. Tsakanin mataki da mataki, mai wasa yana amfani da ribar da ya samu wajen sayen murhu mai sauri ko ƙarin tebura ko ɗaukar mataimaki. Daga nan sai masu saye su ƙaru, nau'in abincin ya yawaita, aikin ya ƙara tsanani.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai shayi da safe ya ga irin wannan aiki da idonsa: ruwa na tafasa, ƙwai na kan wuta, wani na jiran canji, wani kuma na kiran a yanka masa burodi. Abin da wasannin suka yi shi ne mayar da wannan hada-hada ta zama gasa mai maki.

Daga ina suka samo asali?

Tushensu biyu ne. Na farko shi ne wasannin koyar da ciniki. A shekarar 1973, Bob Jamison na wata hukumar samar da manhajojin ilimi a jihar Minnesota ta Amurka ya ƙirƙiro Lemonade Stand, wasan da yaro ke sayar da lemon tsami a bakin titi. Kowace rana ana nuna masa hasashen yanayi, shi kuma ya yanke shawarar kofi nawa zai haɗa, nawa zai sayar, da nawa zai kashe a talla. A 1979 aka mayar da wasan kan kwamfutar Apple II, inda ya shiga makarantu da gidaje. A wannan wasa babu agogon da ke matsa wa mutum, lissafi ne kawai.

Tushe na biyu shi ne wasannin sauri na farkon shekarun 1980. A 1983 kamfanin Activision ya fitar da Pressure Cooker, inda mai dafa abinci ke haɗa burodi da nama daidai da odar da aka ba shi. A daidai wannan zamani kamfanin Bally Midway ya fitar da Tapper, inda mai sayar da abin sha ke zirga-zirga tsakanin dogayen tebura huɗu yana tura kofuna ga masu saye kafin su iso kansa. Da farko wasan na ɗauke da tambarin wani kamfanin giya, daga baya aka fitar da wani samfurin da aka sauya abin shan zuwa lemo marar sa maye domin ya dace da yara.

Wasan da ya haɗa tushen biyu, ya kuma kafa tsarin da ake bi har yau, shi ne Diner Dash na shekarar 2004. Kamfanin Gamelab da ke birnin New York ne ya ƙirƙire shi, PlayFirst kuma ya fitar da shi kasuwa. Tauraruwar wasan wata mata ce mai suna Flo, wadda ta ajiye aikin ofis mai wahalarwa ta buɗe ƙaramin gidan abinci. Ita ke zaunar da baƙi, ta karɓi oda, ta kai abinci, ta karɓi kuɗi, ta kwashe kwanuka, kuma abu biyu kacal take iya ɗauka a lokaci guda.

Karɓuwar da ya samu ta sa wasu suka bi sahu. Cake Mania ya fito a 2006, sai Sally's Salon da Farm Frenzy da Papa's Pizzeria a 2007. A wancan lokaci yawancin irin waɗannan wasanni a kwamfuta ake yin su: mutum ya gwada kyauta na tsawon sa'a guda, idan ya gamsu ya biya kimanin dala 20 ya mallaki wasan gaba ɗaya.

Zuwan wayoyin zamani ya sauya kasuwar. Kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar da wasan noma na Hay Day a 2012, Nordcurrent na ƙasar Lithuania kuma ya fitar da Cooking Fever a 2014. A shekarar ce kamfanin Glu Mobile ya sayi PlayFirst, sannan a 2021 katafaren kamfanin Electronic Arts ya sayi Glu kan kuɗi sama da dala biliyan 2.

A Birtaniya kuwa, wasu mutum biyu, Phil Duncan da Oli De-Vine, sun fitar da Overcooked a 2016, inda 'yan wasa har huɗu ke aiki tare a kicin guda. Wasan ya lashe kyaututtuka biyu na Bafta a 2017.

Waɗanne darussa ne ke cikinsu?

Darasi na farko shi ne sanin wanda za a fara sallama. Sabon ɗan wasa yakan bi mutane bisa yadda suka shigo, amma ba a daɗewa yake gane cewa hakan ba ya wadatarwa. A Diner Dash, 'yan kasuwa mata ba su da haƙuri amma suna da hannun kyauta, tsofaffi kuwa suna iya jira amma suna daɗewa a kan tebur. Dole mai wasa ya auna wanda jinkiri zai fi jawo asara a kansa.

Masana tsara ayyuka sun daɗe da tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi a kan haka. A ɗauka mutum uku ne ke jira, aikin na farko zai ci minti 6, na biyu minti 3, na uku minti 1. Idan aka fara da mai dogon aiki, za a sallame su a minti na 6 da na 9 da na 10, jimillar jiransu minti 25 ke nan. Idan kuma aka fara da mai gajeren aiki, za a sallame su a minti na 1 da na 4 da na 10, jimilla minti 15. Aikin bai ragu ba, ma'aikacin bai ƙara sauri ba, jerin kawai aka sauya amma jira ya ragu da minti 10.

Darasi na biyu shi ne haɗa ayyuka masu kama da juna. Diner Dash yana bayar da ƙarin maki ga wanda ya yi aiki iri ɗaya sau da yawa a jere, kamar karɓar odar tebura uku kafin a juya ga wani abu. Wannan ya yi daidai da abin da masana halayyar ɗan'adam suka gano, cewa duk lokacin da mutum ya tsallaka daga wani aiki zuwa wani daban, yana asarar ɗan lokaci da natsuwa kafin hankalinsa ya daidaita. Hausawa sun riga sun faɗa cewa taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ake gani kamar yana ayyuka biyar a lokaci guda, a zahiri jera su ya iya yi.

Darasi na uku shi ne amfani da lokacin jira. A Papa's Pizzeria akwai wurare huɗu na aiki: karɓar oda, jera kayan haɗi, gashi, da yankawa. Gashi yana ɗaukar lokacinsa ko an tsaya a kansa ko ba a tsaya ba. Gwani yakan sa abu a wuta ya tafi karɓar wata odar, ya dawo kafin ya ƙone. Haka kuma yakan tanadi abin da ya san za a nema tun kafin masu saye su cika, kamar yadda masu dafa abinci a manyan otal-otal ke yanka kayan miya su jera komai kafin a buɗe ƙofa.

Darasi na huɗu shi ne gano inda aiki ke cushewa. Idan murhu ɗaya ne a kicin, ƙara tebura goma ba zai ƙara ciniki ba, sai dai ya ƙara yawan masu fushi. Masanin gudanarwa ɗan Isra'ila Eliyahu Goldratt ya yi suna a shekarun 1980 da wannan ra'ayi, cewa saurin kowace masana'anta yana tsayawa ne a kan sashenta mafi nawa, don haka a can ya kamata a fara zuba jari. Duk lokacin da ɗan wasa ya tsaya yana tunanin ko murhu zai saya ko kujeru, wannan tambayar yake amsawa.

Darasi na biyar shi ne barin sarari. Tun a 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, Agner Krarup Erlang, wanda ke aiki da kamfanin tarho na birnin Copenhagen, ya fara nazarin yadda layi ke taruwa. A mafi sauƙin lissafin wannan fanni, inda ma'aikaci ɗaya ne kuma mutane na zuwa ba bisa tsari ba, idan aikin ya kai rabin ƙarfinsa za a riƙa samun kimanin mutum 1 a gabansa. Idan ya kai kashi 80 cikin 100 sai su zama 4, idan ya kai kashi 90 kuma su zama 9. Wannan ne dalilin da ya sa wasan ke tafiya lami lafiya, sai ƙarin baƙi biyu kacal su rikita komai. Haka abin yake ga wanda ya cika ranarsa maƙil da alƙawura: jinkiri ɗaya ya isa ya rusa sauran.

Overcooked ya ƙara darasi na shida, wato rabon aiki. Idan 'yan wasa ba su yi magana da juna sun raba wanda zai yanka albasa da wanda zai wanke kwanuka ba, sai su yi ta karo a hanya har kicin ya kama da wuta. Wannan siffa ta sa a 2019 masu bincike a Jami'ar California da ke Berkeley suka kwaikwayi wasan domin gwada yadda ƙirƙirarriyar basira za ta iya aiki tare da ɗan'adam.

Shin darussan suna bin mutum zuwa rayuwarsa ta yau da kullum?

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Ƙwarewa a wasa abu ne daban, ƙwarewa a rayuwa kuma daban, kuma binciken da aka yi kan wasannin da ake kira na horar da ƙwaƙwalwa ya nuna tazarar da ke tsakani.

A 2010 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa sakamakon wani gwaji da masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen ya jagoranta tare da haɗin gwiwar wani shirin talabijin na BBC. Mutum 11,430 ne suka shafe mako shida suna yin irin waɗannan wasanni a intanet. Sun ƙware sosai a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma da aka gwada su a wasu ayyukan tunani na daban, ba su fi waɗanda ba a horar ba.

A 2016 kuma hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2, bisa zargin yaudarar jama'a da iƙirarin cewa wasanninsa na inganta ƙwazo a makaranta da wurin aiki ba tare da isasshiyar hujja ba.

Akwai binciken da ya ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa. A 2013 tawagar Adam Gazzaley ta Jami'ar California da ke San Francisco ta horar da dattawa 'yan shekara 60 zuwa 85 da wani wasa mai suna NeuroRacer, inda suke tuƙa mota suna kuma lura da alamomi. An ga ci gaba a natsuwarsu da riƙe abu a ƙwaƙwalwa. Amma wannan wasa masana ne suka ƙera shi musamman domin gwajin, kuma an yi shi ne bisa ƙayyadadden lokaci.

Ban da haka, duniyar wasan ta fi ta gaske sauƙi nesa ba kusa ba. A cikin wasa kowane aiki yana da alamar da ke nuna gaggawarsa, sakamako kuma yana zuwa nan take. A rayuwa kuwa, abubuwan da suka fi muhimmanci, irin su karatun jarrabawa da tanadin jari da kula da lafiya, ba sa ƙara ko walƙiya. Wasannin suna horar da mutum ya amsa kiran abin da ke gaggawa, alhali babban ɓangare na tsara lokaci shi ne ware sa'o'i ga abin da ba ya kira. Babu kuma mai karɓar kaya bashi, babu ɗaukewar wutar lantarki, babu hauhawar farashi, kuma wanda ya karye yana iya danna maɓalli ya sake farawa.

Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne wasannin suna nuna ƙa'idojin a aikace, ta yadda yaro ɗan shekara goma zai gane su ba tare da an yi masa lacca ba. Mayar da su ɗabi'a kuwa sai mutum ya ɗauke su da gangan ya gwada a shagonsa ko kicin ɗinsa ko jadawalin karatunsa.

Ta ina masu wasannin ke samun kuɗi?

Yawancin waɗanda ke kan waya a yau kyauta ake sauke su, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Hanyoyin samun kuɗin biyu ne: talla, da sayayya a cikin wasa.

Galibi akwai kuɗi iri biyu a ciki. Akwai sulallan da ake samu ta hanyar yin wasan, akwai kuma lu'ulu'u da ke da wuyar samu sai dai a saya da kuɗin gaske. Matakan farko suna da sauƙi, amma a hankali ake kai wa inda wucewa ke wuya idan ba a inganta kayan aiki ba, ingantawar kuma tana buƙatar lu'ulu'u.

Wata dabarar ita ce sanya jira da gangan. A Hay Day alkama tana nuna cikin minti 2, amma wasu amfanin gonar da kayayyakin suna ɗaukar sa'o'i, sai dai idan mutum ya biya a gaggauta masa. A FarmVille, wanda kamfanin Zynga ya fitar a Facebook a 2009, a wancan lokaci shuka takan bushe idan ba a dawo an girbe ta a kan kari ba. Akwai kuma kyautar shiga kullum da saƙonnin tunatarwa da ke faɗowa a waya. Duk waɗannan an tsara su ne domin mutum ya riƙa dawowa, har ya zama wasan ne ke tsara masa ranarsa.

Yara ma sukan faɗa tarkon sayayya. A 2014 kamfanin Apple ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 bayan hukumomin Amurka sun zarge shi da barin yara su yi sayayya a cikin manhajoji ba da izinin iyayensu ba. A shekarar ce kuma Google ya amince ya mayar da aƙalla dala miliyan 19 kan irin wannan zargi.

Game da lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da jarabar wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022. Hukumar ta bayyana cewa matsalar tana shafar kaso kaɗan ne na masu wasa. Alamominta su ne mutum ya kasa iko da lokacin da yake wasa, ya fifita shi a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da illar da yake gani, yawanci na tsawon aƙalla wata 12.

Yadda za a ci moriyarsu

Ga wanda ke son wasannin, ko iyayen da 'ya'yansu ke yin su, akwai matakan da ke rage asara.

Na farko, a duba yadda wasan ke neman kuɗi kafin a sauke shi. Shagunan manhajoji na Google da Apple suna rubuta ko akwai talla ko sayayya a ciki. Wasan da ake biya sau ɗaya a mallaka, irin su Overcooked, ba shi da dalilin jinkirta mutum domin ya sayar masa da sauri.

Na biyu, a sa kalmar sirri a kan duk wata sayayya, musamman idan akwai katin banki a haɗe da wayar da yara ke ɗauka. A kuma kashe saƙonnin tunatarwa na wasan.

Na uku, a ƙayyade lokaci tun kafin a fara. Wayoyin iPhone suna da tsarin Screen Time, na Android kuma suna da Digital Wellbeing da Family Link, waɗanda ke nuna sa'o'in da aka kashe a kan kowace manhaja, suna kuma iya rufe ta idan lokacin da aka ɗiba ya cika.

Na huɗu, a riƙa tattauna wasan. Idan uba ko uwa suka tambayi yaro dalilin da ya sa ya fara sallamar wannan kafin wancan, ko me ya sa ya sayi murhu bai sayi tebur ba, yaron zai faɗi ƙa'idar da bakinsa. Daga nan yana da sauƙi a nuna masa yadda za ta yi masa aiki wajen shirin makaranta da safe ko jera aikin gida.

Ma'auni mafi sauƙi kuwa yana cikin wayar kanta. Duk ƙarshen mako a buɗe shafin da ke nuna sa'o'in da wasan ya ci, a kwatanta su da abin da aka bari ba a yi ba a cikin makon.